Sista Ummussalma da Yaran da Suka Warke

A Wurno aka haifi Ummussalma, ita ce ta biyar a 'ya'yan Malam Iliyasu, manomin gero da riɗi. Ba wanda ya taɓa aikin asibiti a zuriyarsu. Da ta gama sakandare ta ce ita aikin jinya take so, mahaifin ya yi kwana biyu yana juya maganar, sannan ya ɗauko ta a bayan babur ya kawo ta Birnin Kudu ta zauna jarrabawar shiga makarantar koyon jinya. Ta ci, ta yi shekarunta uku, ta fito, aka ɗauke ta aiki a asibiti nan cikin garin, aka tura ta ɗakin yara. A garin ta auri Abdulnasir, malamin lissafi a wata sakandare, Allah ya ba su 'ya'ya uku.

Shekara goma sha ɗaya ta yi a ɗakin yara. Mafi yawan abin da ake kawowa zazzaɓin cizon sauro ne, da gudawa, da ƙyanda, da tamowa. Amma jefi-jefi akan kawo yaro da kumburarren muƙamuƙi, ko ciki ya tasa ya yi tauri ta gefe guda, ko wani farin abu yana ƙyalli a cikin baƙin idonsa. Waɗannan su ne masu ciwon daji. Akan tura su Kano a yi musu aiki, a ɗura musu magani mai ƙarfi ta jijiya, tsakanin zuwa da zuwa kuma su dawo hannun su Ummussalma don gwajin jini, ko ƙarin jini, ko zazzaɓin da maganin kan jawo. An san ta da abu ɗaya: duk yaron da jijiyarsa ta ɓuya har aka gaji da sukar sa, ita ake kira. Takan zauna ta murza hannun yaron tana yi masa hira, kafin ya ankara allura ta shiga.

Da yawa daga cikin yaran ba a kawo su sai ciwon ya ci jiki, kuma ba sa tashi. Amma akwai masu tashi. Gashin da ya zube ya fito, kumatu su ciko, likita ya ce an gama magani, iyaye su naɗe tabarma su tattara kwanuka su yi godiya su tafi.

Tana da shekara talatin da huɗu ta samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Kano. Malamar da aka haɗa ta da ita don duba bincikenta, Dakta Nasiha, doguwar mace ce mai magana a taƙaice. Ranar farko ta tambaye ta a kan me za ta yi rubutu.

Ummussalma ta ce, “Dakta, ina so in binciki dalilin da ya sa iyaye ba sa kawo yara masu ciwon daji da wuri.”

“Mutum nawa kike jin sun riga ki rubuta wannan?” Ta nuna mata kundaye jere a kan kanta. “Bari in tambaye ki. Cikin yaran da kika yi jinya, akwai waɗanda suka warke?”

“Akwai, Dakta. Da dama.”

“Ina suke yanzu?”

Fuskokinsu na nan a ran Ummussalma, har da gadon da kowanne ya kwanta, amma ba ta san ko ɗaya yana makaranta ba, ba ta ma san ko yana raye ba. Akan ce musu su riƙa dawowa ana duba su. Wasu su zo sau ɗaya, wasu sau biyu, daga nan shiru.

Dakta Nasiha ta ce, “To ga bincikenki nan.”

Sai da aka yi wata huɗu kafin kwamitin da ke ba da izinin bincike a kan mutane ya sa mata hannu. Ta shiga ɗakin ajiyar fayil ta tsamo sunayen yara talatin da takwas 'yan Birnin Kudu da Gwaram da suka kammala magani cikin shekara goma. Ta bi lambobin waya ɗaya bayan ɗaya. Tara suka shiga. Sauran ko a kashe, ko wani daban ya ɗauka ya ce shi bai san zancen ba. Adireshin kuwa bai wuce “Maruta, kusa da masallacin Juma'a” ba.

Mijinta ne ya ba ta shawara ta je tashar Gwaram ta nemi Alhaji Barau, tsohon direba da ya yi shekara talatin yana bin wannan hanya, yanzu shi ke tsara lodi. Ta same shi a rumfa ta karanta masa sunaye. Sunan yaro bai cika tuna masa komai ba, amma da ta faɗi sunan uba da gari sai ya ɗaga yatsa.

“Wannan ai mai ɗinkin buhu ne. Na sha ɗaukarsa da ɗansa, yaron na amai a leda. Ya koma gidan surukinsa. In kin je ki ce ni na turo ki.”

Wanda bai sani ba ya tambayi direbobi, su kuma su tambayi 'yan acaɓa na ƙauyuka. Da haka ta fara shiga gidaje.

Abin da ta riƙo takardar tambayoyi ce da masana na wata ƙasa suka tsara don auna yadda rayuwar yaron da ya warke take, ita kuma ta mayar da ita Hausa kamar yadda aka umarce ta. Kowace tambaya amsarta daga ɗaya zuwa biyar. Sai ta zauna a tabarma ta karanta wa uwa: “Yaya kike ganin jin daɗin rayuwar ɗanki?”

“Alhamdulillahi.”

“Yakan yi baƙin ciki?”

“A'a, mun gode Allah.”

“Yana da wata matsala a jikinsa?”

“Ai tun da Allah ya raba mu da wancan ciwo, sai godiya.”

Gida goma sha ɗaya ta shiga, gida goma sha ɗaya suka ci maki cif. In da takardar za a bi, babu yara masu ƙoshin lafiya a Jigawa kamar waɗannan. Amma ta ga yaro ɗan shekara sha biyu da tsayin ɗan takwas, ta ga wani yana haki don ya ɗauko mata kujera daga ɗaki. Takardar ba ta da gurbin abin da idonta ya gani.

Gida na goma sha biyu a Zandam yake. Lokacin kaka ne, an yanke riɗi an jingina shi dami-dami a gonaki yana bushewa. Yarinyar da take nema sunanta Mas'uda. Tana da shekara biyu da rabi aka cire mata idon hagu saboda ciwon daji, aka yi mata zagaye shida na magani. Ummussalma ta tuna ta sarai, domin ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai an goya ta tukuna. Yanzu za ta kai tara.

Mahaifin yarinyar, Malam Gwadabe, ya fito zaure da ƙaiƙayi a rigarsa. Suka gaisa cikin mutunci. Da ta faɗi abin da ya kawo ta sai fuskarsa ta canza.

“Sista, na gane ki, kuma ba zan manta alherinki ba. Amma wannan magana mun binne ta. Nan garin an san ciwon ido ta yi, shi ke nan. Ran da aka ji sunan wancan ciwo, akwai gidajen da ba za su ƙara barin 'ya'yansu su ci abinci kwano ɗaya da ita ba. Yanzu a gan ki da takarda kina shiga gidana, me za a ce?”

“Malam, ba a ɗaukar ciwon nan daga mutum zuwa mutum.”

“Ni na sani, likita ya gaya mini. Garin za ki bi gida-gida ki gaya wa?”

Ba ta yi musu ba. Ta ce masa haƙƙinsa ne ya ƙi, kuma ƙin ba zai rage komai a tsakaninsu ba. Ta mayar da takardar cikin jaka ta zuge. Sannan ta ce, “Amma ka ba ni izini in shiga in gaida Indo, uwar Mas'uda. Mun yi zaman wata bakwai tare, ba zan zo ƙofar gidanta in juya ba.”

Ya matsa gefe.

Indo tana tsakar gida tana gyaran wake. Da ta ɗago ta ga mai sallama sai ta saki tire ta rungume ta. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa da fura, suka shiga hirar mutanen da suka kwanta tare da su a ɗakin yara. Can gefe wata siririyar yarinya ta ba su baya tana wanke kwanuka, ta ja ɗankwali ta rufe rabin fuskarta.

Indo ta ce, “Mas'uda! Zo ki gaida Sista.”

Yarinyar ba ta juyo ba.

“Mas'uda! Kin gani ko, Sista? Haka take. Taurin kai kamar me. Sai na yi kira uku, sai na ɗaga murya. Babanta kuwa da ya yi gyaran murya ta ji. Ni ce ta raina.”

“Tana makaranta?”

“Ta yi aji ɗaya da biyu. Malamarsu ta ce ba ta fahimta, a yi magana tana kallon taga. Ga yara na tsokanarta da idon. Kullum ta dawo da kuka. Sai babanta ya ce ta zauna.”

Ummussalma ta san maganin da aka ɗura wa yarinyar, ta karanta shi a fayil kwana uku da suka wuce, kuma ta san a ƙananan yara yakan taɓa ji. Siririn sauti ne ke fara ɓacewa, shi ya sa murya mai kauri kan fi shiga kunne. Ta tashi ta zagaya ta tsuguna a gaban Mas'uda, ta yi mata murmushi ta gaishe ta. Yarinyar ta amsa da kyau, idonta ɗaya kafe a kan leɓɓan mai maganar. Ummussalma ta ce za su yi wasa: duk abin da ta faɗa ta maimaita. Ta ce “tasa”, ta maimaita. Ta ce “kifi”, ta maimaita. Sai ta koma bayanta ta rage murya ta ce “sisi”. Shiru. Ta ce “tsintsiya”. Shiru. Yarinyar tana nan tana jira a fara.

Ta dawo tabarma ta zauna. “Indo, ba raina ki ta yi ba. Ina kyautata zaton ba ta jin ki ne sosai. Sai an auna za a tabbatar, amma maganin da ya kashe ciwon yakan rage ji.”

Indo ta daɗe tana kallon bayan 'yarta. Hawaye suka zubo mata. “Sau nawa na dake ta a kan wannan, Sista. Sau nawa.”

“Ba ki sani ba. Mu da muka sani ne ya kamata mu biyo ku mu gaya muku.”

Aka aika aka kira Malam Gwadabe. Ya tsaya ya ga an sake gwajin a gabansa. Da ta tashi tafiya, ya rako ta har bakin hanya, ya ce, “Wace rana za a kai ta awon? Takardar taki kuma, in kin dawo ki zo da ita.”

A mota tana komawa Birnin Kudu ta riga ta yanke shawara. Ranar Litinin ta je Kano ta ajiye takardun nan goma sha ɗaya a teburin Dakta Nasiha ta ce ba za ta ci gaba da su a haka ba.

“Wannan ma'auni an gwada shi a ƙasashe da yawa,” in ji Dakta. “In kika ajiye shi, da me za ki kare kanki a gaban masu jarrabawa?”

“Dakta, mutanenmu ba za a tambaye su lafiyar ɗan da Allah ya tashe shi su ce ba lafiya ba. A wurinsu butulci ne. Da takardar na bi, da na rubuta Mas'uda lafiyarta ƙalau.” Ta kwashe labarin Zandam ta gaya mata.

Dakta Nasiha ta cire tabarau ta goge. “Me za ki tambaya a maimakon haka?”

“Abin da ya faru. Me yaron ya yi jiya daga safe zuwa yamma. Yaushe rabonsa da makaranta. In yara suna guje-guje yana cikinsu ko yana zaune. Sannan in auna tsayi da nauyi, in gwada ji da gani, in duba hawan jini.”

“Aikin zai ninka. Sai kin koma wa kwamiti, kuma ba za ki gama da 'yan ajinku ba.”

“Na sani.”

“To kada ki jefar da takardar. Ki ci gaba da cike ta, ki ajiye amsarta kusa da abin da kika gani. Tazarar da ke tsakaninsu ita ma sakamako ce.”

Haka aka yi. Ta ƙara shekara guda cur. 'Yan ajinsu suka sa rigar kammalawa tana kallon hotunansu a waya. Hutun karatunta ya ƙare ta koma aiki, ya zama sai ranakun da ba ta da aiki take fita ƙauyuka, Abdulnasir ya riƙe gida da kai yara Islamiyya. Damina ta zo, wata hanyar sai an tuɓe takalmi. Ta sake komawa gidaje goma sha ɗayan farko. A wannan karon ba ta farawa da takarda, sai ta zauna a taya ta hira, da izinin masu gida ta naɗi maganar a waya, in ta koma ta rubuta kalma bayan kalma.

Ba duka aka yi dariya ba. A Maruta ta yi sallama tana tambayar wani yaro, Safiyanu, wanda aka sallama da murna bayan kumburin muƙamuƙinsa ya baje. Kakarsa ta ce ya cika shekara biyu da rasuwa. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, ba su kai shi asibiti ba don tsoron kada a ce musu tsohon ciwon ne ya dawo. Ummussalma ta yi ta'aziyya, ta fito ta zauna a gindin wata tsamiya, ta kasa tsayar da abin hawa har kusan la'asar.

Da ta rufe bincike, cikin talatin da takwas ta samu ashirin da bakwai a raye, shida sun rasu, biyar ba a gano inda suke ba. Cikin masu rai, goma sha ɗaya ba sa zuwa makaranta. Huɗu jinsu ya ragu ba wanda ya lura. Uku da aka cire wa ƙoda ɗaya ana saya musu maganin ciwon jiki mai ƙarfi a kemis, irin wanda ke gajiyar da ƙodar da ta rage, domin ba wanda ya tuna ya gaya wa mai kemis. Kuma kusan duk iyayen ba su san sunan maganin da aka yi wa 'ya'yansu ba.

Ranar kare kundi, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya ce mata yara ashirin da bakwai sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu. Ta ce gaskiya ne, ita ma ta rubuta haka a babi na biyar, ba ta ce ga halin da duk yaran ƙasa ke ciki ba, ta ce ga halin da waɗannan ke ciki, kuma ga hanyar da za a bi a tambayi sauran. Ya yi 'yan gyare-gyare ya sa hannu. Bayan wata takwas wata mujallar masana aikin jinya ta buga taƙaitaccen binciken, da sunanta a gaba, na Dakta Nasiha a baya.

Amma abin da ya fi tsaya mata a rai ba mujallar ba ce. Ta tsara wani ɗan kati mai ninki biyu, da boko da ajami, wanda ke faɗin irin ciwon da yaro ya yi, da maganin da aka ba shi, da abin da za a riƙa dubawa duk shekara, da magungunan da zai guje wa. Ta kai wa shugabannin asibitinsu, suka karɓa, suka kuma ware Larabar farkon kowane wata don yaran da suka gama magani. Larabar farko mutum uku suka zo. Yanzu akan samu goma sha biyar, har da waɗanda ba sa cikin jerinta, labari ne ya kai musu ta bakin direbobin tasha. Iyaye kan zauna a benci suna ba juna shawara tun kafin a kira su.

Mas'uda kuwa, awon Kano ya tabbatar jinta ya ragu a kunnuwa biyu, na dama ya fi dama-dama. Wata ƙungiyar taimako ta ba ta na'urar ƙara ji, aka kuma sa mata idon roba da sai an ƙura ido ake gane shi. Malam Gwadabe da kansa ya je ya samu hedimasta, ya gaya masa komai, har da sunan ciwon. Aka zaunar da ita a layin gaba, ta yadda kunnen dama zai fuskanci malami. Ta koma aji biyu da yaran da ta girma, wata biyun farko da kuka take tafiya, uban yana raka ta har ƙofar aji. Bana tana aji biyar. Karatun Turancinta da saura, amma a lissafi ita ce ta huɗu, kuma ta ce wa duk mai son ji ita tela za ta zama, ta riga ta fara ɗinka wa ƙannenta 'yan riguna da allurar hannu.

Ummussalma tana nan a ɗakin yara, an ƙara mata girma, kuma ɗalibai masu koyon jinya kan bi ta Larabar wata su ga yadda ake yi. Dakta Nasiha ta dame ta da waya ta zo ta fara digiri na uku, a faɗaɗa binciken zuwa sauran ƙananan hukumomi. Ta ce sai babbar 'yarta ta gama jarrabawar fita sakandare. Kafin nan, cikin yara biyar ɗin da suka ɓace mata an gano biyu: ɗaya yana koyon gyaran waya a Kano, ɗaya kuma iyayenta sun koma wajen Ningi da shanunsu, ta aika musu da kati ta hannun wani mai motar hatsi.